Hancin Injiniya da Motar Malama

Duk layinmu babu wanda ya taɓa ganin Injiniya ya gyara ko da tocila, amma babu wanda bai ji labarin manyan motocin da ya tayar daga mutuwa ba. Gaskiyar magana, aikin da ya yi a kamfanin bas-bas har ya yi ritaya shi ne riƙon makullin sito. Makanikai su zo taga su ce a ba su kaza, shi kuma ya miƙo. A nan ya haddace sunayen kayan mota kaf, a nan kuma makanikan suka laƙaba masa Injiniya don tsokana. Gogan naka ya karɓi sunan hannu bibbiyu, ya taho da shi gida tare da wata shuɗiyar rigar aiki da akwatin sifanu.

Mutum ɗaya ce a duniya ta yarda da shi har zuci: surukarsa, wadda kowa ke kira Inna. Yanar ido ta daɗe da hana Inna gani, saboda haka duk abin da ta sani game da gwanintar surukinta daga bakinsa ta ji. Ko baƙi aka yi sai ta ce, “Mijin ’yata ai injiniya ne. Da ido kawai yake kallon mota ta warke.”

Motar gidan kuwa ba tasa ba ce. Ta matarsa ce, Malama, mai koyarwa a firamare, da guminta ta saya. ’Yar ƙarama ce, ta kwana biyu, amma tsaf-tsaf. Kowace safiya sai Malama ta goge ta har madubin gefe, kuma yaro ko jingina ya yi da ita sai ya ji a kunnensa.

Ranar da abin ya faru, ranar ce da za a kwantar da Inna a asibitin ido. An daɗe ana jiran layi, kuma likita ya ce su iso da yamma, wanda ya makara ya koma baya. Da hantsi Malama ta dawo daga sayayya ta toshe hanci da gefen gyale.

“Baban yara, motar nan warin fetur take yi a ciki. Har kaina ya fara sarawa. Bari in leƙa gareji a duba, kada in ɗauki Inna ta yi ta amai a hanya.”

Injiniya ya ajiye kofin shayinsa a hankali, kamar wanda aka yi wa mummunan albishir.

“Gareji? Ina zaune a gidan nan?”

“To ai su aikinsu ke nan.”

“Aikinsu? Yaran da na raina? Yaran da in suka zo gabana sai sun cire hula? Malama, so kike gari ya ɗauka cewa matar Injiniya na yawon neman mai gyara?”

“Ni dai so nake in kai uwata asibiti.”

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya. “Ke, ba shi makulli mana! Allah ya ba ki gwani a gida kina neman kai kanki wurin ’yan koyo.”

Malama ta dubi makullin, ta dubi mijinta, ta miƙa masa kamar mai ba da ɗanta riƙo. “Dubawa kawai za ka yi,” in ji ta. “Kada ka kwance komai.”

“Kafin ruwan wankanki ya yi zafi na gama.”

Ya shiga ya saka shuɗiyar rigar, wadda yanzu ba ta rufe tumbinsa, ya fito da akwatin sifanu ya dire a ƙofar gida da ƙarfi don a ji. Aka kuwa ji. Mai Aski da Tela, waɗanda shagunansu ke kallon gidan, suka jawo benci suka zauna.

“Injiniya, yau kuma wa za a yi wa tiyata?” in ji Mai Aski.

“Ku buɗe ido ku koyi abu kyauta,” in ji Injiniya. Ya ɗora yatsa a kan hancinsa. “Makanikan zamani sai sun jona kwamfuta. Ni ga kwamfutata nan. Daga gaba zan fara, in bi ta gaɓa-gaɓa har baya. Duk inda warin nan ya ɓuya, sai na kamo shi da kunne.”

Ya ɗan sha fama kafin ya gano inda ake buɗe bonet, ya buɗe murfin tanki sau ɗaya, ya kunna wayifa, ya ce duk gwaji ne. Da bonet ya buɗu sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana girgiza kai.

“Kai, kai, kai. An cuci motar nan.”

“Me ka gani?” in ji Tela.

“Ba za ka gane ba.”

Ya kama wani baƙin tiyo ya ja, ya ƙi. Ya sa ƙafa ya dogara ya fizge, sai ga fetur na ɗiga. Ya ce yana so ya ji ko a toshe yake, ya kafa baki ya zuƙa. Ba a toshe yake ba. Injiniya ya yi baya yana tari, ido jawur, fetur na bin gashin bakinsa, wanda dama ya tara shi kamar burushin fenti. Ya sa hannun riga ya goge.

“Au, sha ake yi?” in ji Mai Aski.

“Ɗanɗanawa na yi,” in ji Injiniya da shaƙaƙƙiyar murya. “Daga ɗanɗano ake gane ko an yi masa gauraye.”

“To ya ka ji shi? Ya ji gishiri?”

Bai kula shi ba. Ya leƙa cikin mota ya ɗauko jan biron da Malama ke duba aikin ɗalibai da shi, ya cusa a bakin tiyon ya toshe. Sannan ya sunkuya ya fara shinshina.

Ya kai hanci kan filta. “Ga ɓarawon!” Ya kwance ta, ya ajiye. Ya koma ya shinshina injin, wari na nan. Ya kai hanci kan fulogi. “Ashe ku ma da ku aka haɗa baki.” Ya kwance su. Ya aika aka ɗauko zanin gado daga igiyar shanya, ya shimfiɗa a bakin titi yana jera kayan a kai. Ya shinshina batir, ya ɗago da sauri.

“Wannan ma!”

“Haba Injiniya,” in ji Tela, “ni dai ɗinki na sani, amma me ya haɗa batir da fetur?”

“Maƙwabtaka. Kai in maƙwabcinka na soya kifi, rigarka ba ta ɗauka?”

Batir ya sauka kan zanin gado. Lagireto ma bai tsira ba: ya sassauta wani noti a ƙasansa, ruwa mai tsatsa ya tsiyayo ya cika masa takalmi. Ya ce dama ruwan ya tsufa.

Da ya gama da gaba sai ya shiga ciki. Sitiyari na wari. Rediyon mota na wari. Kujerar direba kuwa, a cewarsa, har ta fi injin. Ya kwanta rigingine ƙafafu a waje yana nishi, notuna na faɗowa suna gangarawa cikin kwata, can sai ga shi ya turo kujera waje. Ya turo ta biyu. Ya kwance ta baya gaba ɗaya, ya ɗaye kafet, ya ciro wayoyi ja da kore da ruwan ɗorawa kamar mai feɗe kaza.

Tela da Mai Aski suka dubi bencinsu, suka dubi kujerar bayan mai laushi, suka yi ƙaura.

“Wallahi Malama na jin daɗi,” in ji Tela yana miƙe ƙafa.

Injiniya ya zo wucewa ta gabansu, ya tsaya cak, ya sunkuya ya shinshina hular Tela.

“Kai ma warin kake! Ka taɓa motar ko?”

“Ni? Tun safe ina nan!”

“Matsa can, kana rikita min bincike.”

Mai Aski ya daɗe yana kallon gashin bakin nan da ke ƙyalli a rana. Ya yi gyaran murya. “Injiniya, in faɗi wata magana? Ni fa gashin bakinka nake zargi. Tun da ka sha man nan, duk abin da ka kai wa hanci sai ka ce yana wari. Zo in sauke maka shi, ko wankewa ka yi.”

Injiniya ya yi wata irin dariya ta tausayi. “Kun ji matsalar rashin ilimi. Kai ko jirgin sama aka nuna maka sai ka ce aski yake so. Gashin bakin nan ministoci sun gan shi sun miƙe tsaye.”

“Don su buɗe taga?”

Kafin a jima layi ya fara cika. Masu wucewa suka tsaya, mata suka leƙo ta katanga. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsayar da amalankensa, ya zagaya zanin gadon yana taɓa kaya da ƙafa.

“Maigida, duka za a sayar ko ɗaiɗai?”

“Gyara ake yi, kai!”

Mutumin ya leƙa cikin motar, ya ga babu komai sai ƙarfe da wayoyi. “To Allah ya ba da lafiya,” in ji shi. Amma bai tafi ba. Ya gyara tsayuwar amalanken a inuwa ya zauna jira.

A daidai nan Malama ta fito da jakar kayan Inna a hannu. Ta ga zanin gadonta. Ta ga kujerunta da maza biyu a kai. Ta ga jan bironta a tsaye cikin inji. Jakar ta faɗi.

“Innalillahi! Baban yara! Ina motata?”

“Ga ta nan, ai ba abin da ya ɓata. Ta ɗan bazu ne kawai.”

“Na ce kada ka kwance komai!”

“Malama, ke in yaro ya faɗi jarrabawa, bangon littafin kike dubawa ko ciki?”

“Ba na yayyaga littafin! Ka gano inda warin yake?”

“Ko’ina.”

“Ko’ina?”

“Shi ya sa na ce Allah ya taimake ki ba ki kai gareji ba. Da sun ce miki wuri ɗaya ne.”

Malama ta dafe kai da hannu biyu. “Ka san tun yaushe muke jiran ranar yau? Ka san in muka makara sai an sake mana wani layin? Uwata ko fuskar jikokinta ba ta sani ba!”

Ta taga Inna ta ce, “Ke, ki daina ɗaga wa miji murya a titi. Aikin ilimi sai da haƙuri. Yi aikinka, ɗan albarka, kada ka biye mata.”

Wannan magana ta ƙara wa Injiniya iska. Ya hau kan akwatin sifanu ya fuskanci jama’a.

“Yanzu za ku ga abin da ba a koyarwa a gareji. Zan hura wa tankin nan iska. Duk inda ramin yake, komai ƙanƙantarsa, da kansa zai yi fito ya kira ni. Wannan dabarar ni na ƙirƙiro ta. Turawa sun so su saya na hana.”

Ya shiga gida ya fito da famfon taya irin na ƙafa. Ya zura bakinsa cikin tanki, ya cusa tsumma, ya nannaɗe da salatif har sai da wurin ya koma kamar ƙafar mai karaya. Sannan ya nuna Tela.

“Kai ka saba taka keken ɗinki. Zo ka taka.”

“Ba ka ce ina wari ba?”

“Na yafe maka. Kowa ya yi shiru!”

Aka yi tsit. Tela ya tattare riga ya fara takawa. Injiniya ya rufe ido yana zagaya mota, kunne a gaba, hannu a baya. Babu fito.

“Ƙara!”

Tela ya ƙara. Can ƙarƙashin motar wani abu ya ce ɓum, kamar an zauna a kan garwa. Jama’a suka ja baya.

“Injiniya, tankin nan fa magana yake,” in ji Mai Aski.

“Gaisuwa ce. Ƙara!”

Tela ya dage, gumi na zuba. Injiniya ya iso gaban mota, ya tura kai cikin inji, ya ɗaga yatsa sama.

“Tsaya... na ji wani ɗan siririn sauti... ga shi nan... yana zuwa...”

Ya kuwa zo. Jan biron Malama ya fita kamar harsashi, ya shafi kunnensa, ya tsallake titi ya fasa madubin shagon Mai Aski. Bayansa fetur ya biyo, tsiri guda, ya sami Injiniya a tsakiyar fuska. Tiyon ya shiga rawa kamar maciji, yana fesa wa zanin gado, yana fesa wa katanga, yana komawa kan maigidansa. Tela ya firgita ya fizge famfo, tsumman ya yi tsalle, tankin ya yi gyatsa ta baya ya wanke masa wando.

“Fetur! Fetur! A kashe wuta!”

Layi ya hargitse. Wani da ke shan sigari ya rasa inda zai jefa ta, ya murje ta a tafin hannunsa yana ihu. Mata suka ruga kashe risho. Mai Aski ya tsaya a tsakiyar titi bai san wanne zai yi wa kuka ba, madubi ko ransa. Malama ta ruga ciki ta ja Inna zuwa ɗakin baya. Mai sayen ƙarafa kaɗai bai motsa ba, sai dai ya ɗan matso da amalankensa.

Injiniya kuwa yana tsaye yana lalube, ido a rufe, yana cewa, “Kun gani? Kun gani? Na ce akwai fetur a motar nan!”

Ba a san wanda ya buga waya ba, amma ba a jima ba sai ga jiniya. Jar motar ’yan kwana-kwana ta shigo layin da ƙyar, ta tsaya. Shugabansu, wani dogo mai faɗin kafaɗa da suke kira Oga, ya diro ya duba hagu da dama.

“Ina wutar?”

“Ba ta iso ba tukuna,” in ji Mai Aski. “Amma an gama yi mata shimfiɗa.”

Oga ya bi fetur ɗin da ke gangara da ido, ya dubi kayan da ke kan zanin gado, ya dubi kangon motar. “Hatsari aka yi? Ina ɗaya motar?”

“Babu ɗaya motar. Ga wanda ya buge ta nan.”

Injiniya ya matso yana ɗiga, ya miƙa hannu. “Sannunku abokan aiki. Ni ne injiniyan da ke kula da wannan aiki. Komai na ƙarƙashin kulawa. Gwajin iska ne muka...”

Oga bai karɓi hannun ba. Ya ɗan shinshina, ya ja da baya, ya juya wurin mutanensa.

“Ku fara da wannan.”

Ruwan da ya fito daga tiyon ’yan kwana-kwanan nan ba irin na wanka ba ne. Ya ɗauki Injiniya ya zaunar da shi a kujerar direba da ke bakin titi, kujerar ta kife da shi. Ya miƙe yana cewa, “Ku saurara, ku ba ku san ko ni...” ruwa ya cika bakin. Da suka gama da shi suka bi titi da kayan mota da farin kumfa, har zanin gado ya ɓace. Tela ya zo da kansa ya juya musu baya ya ce a taimaka masa da wando.

“Akwai sauran abin da zai iya kamawa a motar?” in ji Oga. “Ku buɗe but.”

Wani daga cikinsu ya buɗe, nan take ya kau da kai. Ya ɗaga shimfiɗar but, ya ciro safayar taya, ya zura hannu a ramin da take zama. Sai ga shi ya ɗago wata ’yar jarka ruwan ɗorawa, gindinta a tsage, tana ɗiga. Maimakon murfi, an toshe bakinta da tsohuwar safa an ɗaure da kyauron roba. Ramin kuwa ya jiƙe sharkaf.

Oga ya ɗaga ta sama. “Ta wa ce wannan?”

Malama, wadda ta fito a lokacin, ta matso a hankali. “Wannan ai jarkar man girkina ce. Na neme ta har na gaji, har ’yar aiki na zarga.” Ta ƙura wa safar ido. “Wannan kuma safarka ce, Baban yara. Ɗayar na nan a durowa tana zaman takaba.”

Kowa ya juya ya kalli Injiniya. Kumfa na zamowa daga kansa.

“Lokacin wahalar mai ne,” in ji shi ƙasa-ƙasa. “Na ce in ɓoye ɗan kaɗan saboda tsaro. Shugabanci ai sai da hangen nesa.” Sai kuma ya ɗago, murya ta dawo. “To! Ai nan na nufa! Kowa shaida ne, na ce daga gaba zan fara in ƙare a baya. Da kun bar ni, da yanzu na iso wurin!”

Dariyar da aka yi a layin nan har tantabaru suka tashi daga kan rufi. Mai Aski ya manta da madubinsa ya zauna a ƙasa. Oga kansa sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Malama ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi inuwar da ta fara tsawo, ta dubi layin da motar kwana-kwana ta toshe, babu mai tasin da zai iya shigowa, sai hawaye. Oga ya tambayi abin da ya faru, Tela ya yi masa bayani yana matse wando.

“Asibitin ido? Ai hanyarmu ce,” in ji Oga. “Fito da tsohuwa.”

Aka fito da Inna, Malama na riƙe da hannunta. Mutum biyu suka tallafa mata ta hau matakala.

“Ikon Allah,” in ji Inna. “Motar nan tsawo ta ƙara?”

Ta zauna a gaba, ta shafa kujera, ta shafa ƙofa. Direba ya tayar da inji, ƙasa ta girgiza.

“Kai! Ji murya! Da can kamar mai mura take. Kuma babu warin ko kaɗan.” Ta leƙo ta taga tana lalube da hannu. “Ina yake? Ina ɗan albarka? Allah ya yi maka albarka! Ke kuma kin ji kunya, da kin kai wa ’yan koyo.”

Direba ya saki jiniya.

“Har hon ya canja mata!” in ji Inna.

Motar ta fita da baya-baya, Malama na zaune kusa da uwarta ta rufe fuska da gyale, ba a san kuka take ko dariya ba. Injiniya ya juyo ya dubi jama’a, ruwa na fita daga takalminsa, ya buɗe hannuwa.

“Kun dai ji da kunnenku.”

Sun isa a kan lokaci, aka yi aikin, aka dace. Kwanakin da Inna ta yi a asibiti Injiniya ya yi su ne yana tsintar notuna a kwata da maganaɗisu ɗaure a zare. Masu garejin da Malama ta kira sun zo sun duba, babbansu ya zagaya motar, ya ce a tattara duk abin da aka samu a zuba a ciki, za su aiko da janwe ya ja ta in sun yi shawara. Gashin baki kuwa sabulu ya kasa, lemon tsami ya kasa, Malama ta ce ko shi ko ɗakin. Da kansa ya je ya zauna a kujerar Mai Aski, aka yi masa aski a gaban rabin madubi.

Ranar da aka sallamo Inna, mai tasi ya sauke su a ƙofar gida. Ta fito da baƙin tabarau, ta ɗaga shi a hankali. Ta kalli sama, ta kalli bishiya, ta kalli jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunan Allah. Sannan idonta ya sauka kan wani abu a gefen katanga: bonet a buɗe, kujeru a cuse ta taga ƙafafunsu a sama, sitiyari a kan rufi, kaza ta yi ƙwai a inda batir yake zama.

“Wannan kangon fa? Wa ya zubar mana da shi a ƙofar gida?”

“Motata ce, Inna,” in ji Malama.

“Wadda na hau?”

Tela ya kama tari. Mai Aski ya gyara tsayuwa, ya ce, “Inna, zauna in ba ki labari,” ya kuwa ba ta, tun daga ɗanɗano har safa, bai rage komai ba, har da ƙari.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta juya ta dubi surukinta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da leɓe fayau kamar ɗan makaranta. Ta daɗe tana kallonsa, sama da ƙasa.

“Sannu da aiki,” in ji ta, ta shige ciki.

Da yamma tana zaune a tsakar gida da ’yar rediyonta a cinya tana jin labarai, sai ga Injiniya ya fito yana rarraba ido. Ya gaishe ta, ya durƙusa, ya karkata kunne.

“Inna, kamar ina jin rediyon nan tana ɗan shashatau, murya ba ta fita sosai. Ƙaramin abu ne. In kika ba ni ita, kafin ki...”

Inna ta kashe rediyon, ta ɗaga matashin da take jingine da shi, ta tura ta ƙarƙashi, ta zauna a kai daram.

“Lafiyarta ƙalau, ɗan nan,” in ji ta. “Ni ce nake shashatau, kuma an gyara ni.”